Son da Ke Narkar da Abin So

Mutanen garin Shamoni na ƙasar Faransa, can cikin tsaunukan Alps, da ƙanƙara suke cin abinci. Da hunturu baƙi su cika otel-otel, suna wasan zamiya a kan dusarta. Lokacin zafi kuwa su hau jirgin ƙasa zuwa kallon wani daskararren kogi mai suna Tekun Ƙanƙara.

To, amma kogin nan zagwanyewa yake yi. Sai da ta kai baƙo yana sauka matakala fiye da 500 kafin ya taɓa ƙanƙarar, har aka kafa sabuwar motar igiya a 2024. Zafin duniya ke cin ta, kuma hayaƙin jiragen da ke kawo masu kallon yana cikin masu rura shi.

Shin wannan so ne ko kwaɗayi? Mai masauki in ya kori baƙi, 'ya'yansa su kwana da yunwa. In ya tara su, jikokinsa su gaji dutse tsirara. Ni dai ban ga laifin mai neman tuwo ba. Nauyin yana wuyan mai zuwa don nishaɗi, don shi ke da zaɓi. Wanda ke son abu da gaske, yakan rage wa na baya.