Faɗan Da Ya Fi Ƙarfinka

Akwai wani wasa da samari suke yi a kan kwamfuta wanda ya isa manya su tsaya su dube shi. Wasan ya ɗauko labarinsa daga ƙasar Sin, daga zamanin da sarautar gidan Han ta raunana. A shekara ta 184 talakawa suka yi babban tawaye, hakiman larduna suka tara mayaƙa domin su kwantar da shi, daga nan kuwa kowane hakimi ya zama sarkin kansa. Sarautar Han ta ƙare a 220, ƙasar ta rabu uku, ba ta sāke haɗuwa ba sai a 280. Wani kamfani na Japan mai suna Koei ya fara mai da wannan labari wasa a 1985, ya kira shi Romance of the Three Kingdoms. A 2019 kuma aka fito da wani a Ingila, ana ce da shi Total War: Three Kingdoms.

Ga yadda ake yinsa. Mai wasa yakan zaɓi sarkin yaƙi guda, ya riƙe garuruwansa, ya tara hatsi da haraji, ya ɗauki mayaƙa, ya ƙulla amana da maƙwabta ko kuwa ya kai musu yaƙi. Sabon shiga yakan zaɓi mai ƙarfi, kamar Tsau Tsau wanda ya mallaki arewacin ƙasar. Amma gwanaye sukan zaɓi rarrauna, mai gari ɗaya ko biyu, wanda manya suka kewaye shi ta kowace fuska. Sun ce nan ne daɗin wasan yake, gama mai ƙarfi yana iya yin kuskure goma ya rayu, rarrauna kuwa kuskure ɗaya ya ishe shi.

To, tambayarmu ke nan: mene ne ya halatta ga shugaba marar ƙarfi ya yi domin shi da mutanensa su rayu? Ina kuma iyakar da ba zai ƙetare ba?

Abin da wasan yake koyarwa

Wanda ya daɗe yana wasan ya san hanyoyi uku. Ta fari, ka sunkuya: ka aika da gaisuwa ga wanda ya fi ka, ka biya abin da ya yanka maka. Ta biyu, ka jingina da wani babba domin ya tsare ka daga wani babban. Ta uku, ka yi haƙuri, ka cika rumbu, ka jira ranar da manyan za su gaji da juna. Ba mu ga laifin ko ɗaya a cikinsu ba. Kakanninmu ma sun san su tun ba a ƙera kwamfuta ba, shi ya sa suka ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, suka kuma ce faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa.

Amma wasan yana da hanya ta huɗu, ita ce kuwa takan ba da nasara da sauri. Ka yi alkawari yau, ka warware gobe idan abokin amanarka ya juya baya. Ka tura babban maƙiyi wajen maƙwabcinka domin ya bar ka. Ka ƙara haraji har talakawa su yi kuka, muddin mayaƙa sun ƙoshi. Kwamfuta takan rage maka ɗan suna saboda wannan, amma idan ka ci ƙasar duka a ƙarshe, sai ta rubuta maka cewa ka yi nasara. Ma'auninta faɗin ƙasa ne. Mutanen garuruwa kuwa lamba ce kawai a gefen allo, tana hawa tana sauka.

Bari mu dubi wannan lamba a cikin tarihi na ainihi. A ƙidayar shekara ta 157 an rubuta mutum wajen miliyan 56 a ƙasar Sin. A ta 280 aka sami wajen miliyan 16 kaɗai a littafin hukuma. Ba dukan sauran ne suka mutu ba, waɗansu sun gudu, waɗansu sun ɓuya a ƙarƙashin manyan gidaje inda mai ƙidaya bai kai ba. Duk da haka kowa ya ga irin kuɗin da talakawa suka biya domin jarumai su yi suna.

Mutum biyu daga ƙasar Sin

Liyu Bei shi ne rarraunan da masu wasa suka fi ƙauna. A ƙuruciyarsa takalma da tabarmi yake sayarwa. Shekara da shekaru ba shi da ƙasar kansa, yana fakewa wurin wannan, yana ƙaura wurin wancan. A 208 Tsau Tsau ya taso masa da runduna, ya gudu kudu, talakawa fiye da dubu ɗari suka bi shi da kayansu da 'ya'yansu, tafiya ta yi nauyi ƙwarai. Mashawartansa suka ce ya bar su ya tsira, ya ƙi. Mahayan Tsau Tsau suka cim musu a Cangban, suka watsa su. A ma'aunin wasa wannan wauta ce. Amma saboda ita ne ake tunawa da shi har yau.

Sai kuma Liyu Jang, mai mulkin lardin yamma, wanda wasan yakan ba shi ƙaramin maki. A 211 ya ji tsoron maƙwabcinsa na arewa, ya gayyato wannan Liyu Bei ɗin ya zo ya taimake shi. Ba a yi nisa ba baƙon ya juya wa mai masaukinsa. Wani bafade ya ba Liyu Jang shawara ya kwashe mutanen karkara, ya ƙone rumbuna domin maƙiyi ya rasa abinci. Ya ƙi, gama a ganinsa aikin sarki shi ne ya tsare talakawa daga maƙiyi, shawarar kuwa talakawan za ta fara cuta. A 214 aka kewaye birninsa Cengdu. Yana da mayaƙa dubu talatin da abincin shekara guda, mutanensa kuma suna so a yi ta yi har mutuwa. Sai ya dubi wahalar shekara uku da jama'a suka sha saboda shi, ya buɗe ƙofa, ya rasa sarautarsa.

Ku lura da abu biyu a nan. Mutumin da ya ƙi barin talakawa sa'ad da yake rarrauna, shi ne ya ci amanar wanda ya kira shi sa'ad da ya sami ƙarfi. Ashe rashin ƙarfi ba ya mai da mutum adali, yakan ɓoye abin da ke cikinsa ne kurum. Na biyu kuma, wanda wasan ya ce ya fāɗi, ya biya da abin da yake nasa, watau rawaninsa, ya bar wa mutane rayukansu.

Ba sai mun je ƙasar Sin ba

Mutanen Batsari da Safana ba su bukatar kwamfuta ta koya musu zaman rarrauna a tsakanin manya. Bayan da Ummarun Dallaje ya ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa, suka kafa Maraɗi, suna ta neman komowa. Ƙasar Ruma ta zama tsakanin guduma da uwar maƙera. Idan gari ya bi Katsina, mahayan Maraɗi su zo. Idan ya bi Maraɗi, na Katsina su zo. A zamanin Sarkin Katsina Siddiƙu, wanda ya yi mulki daga 1836 zuwa 1844, garuruwan wannan yanki suka karkata wajen Maraɗi. Aka murƙushe su da hannu mai nauyi, garuruwa suka zama kufai, daji ya rufe gonaki. Sa'ad da Baturen nan Barth ya bi ta Kurfi da Zakka a 1853 yana nufin Sakkwato, ya ratsa dajin a cikin tsoro, ya kuma ga kufan garuruwa a hanya. Masu garin da suka yanke shawara a lokacin, sun yi lissafi irin na mai wasa: wane babba ne zai rinjaya? Suka yi kuskure, ba wanda ya ba su damar sākewa.

A zamaninmu kuma dajin Rugu ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum wajen talatin a Tsauwa da Dankar cikin ƙasar Batsari. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da mutanen daji a 2016, ya sāke yi a 2019, duka biyu suka warware. A 2023 gwamnatin Dikko Raɗɗa ta kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa. A 2025 kuma jama'ar Batsari da Safana da Jibiya da waɗansu ƙananan hukumomi suka zauna da shugabannin daji da kansu, suka ƙulla nasu sulhun. A tsakanin waɗannan shekaru ƙauyuka da yawa sun tara kuɗi sun biya domin a bar su su yi shuka ko su kwashe amfanin gona.

Ku sa kanku a matsayin mai gari na ƙaramin ƙauye a bakin dajin. Ba shi da soja. Damina ta kama, an aiko masa cewa ko a biya ko kada kowa ya fita gona. Idan ya biya, ya san da kuɗin za a sayi harsashi. Idan ya ƙi, ya san yunwa ko wuta tana tafe. Mu da muke zaune a Katsina ko Kano ko Zariya, mu yi hankali da saurin yanke masa hukunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda yake nesa yana ce wa na kusa ya tsaya ya mutu da daraja, shi ma wasa yake yi da rayukan waɗansu, ko da ba kwamfuta a gabansa.

Ina iyakar take?

Amma tausayi ba ya nufin kome ya halatta. A ganinmu iyakar a fili take: rarrauna yana iya biya da abin da yake nasa, ba shi da ikon biya da abin da ba nasa ba.

Girman kansa nasa ne, yana iya sunkuyawa. Rawaninsa nasa ne, yana iya ajiyewa kamar Liyu Jang. Hatsin gari na mutanen gari ne, idan sun zauna sun yarda a bayar domin a tsira, wannan shawararsu ce. Sai dai a raba nauyin bisa ga ƙarfin kowa, kada a karɓi na gwauruwa daidai da na mai shanu, kada kuma wani abu ya maƙale a aljihun mai tarawa.

Amma ran maƙwabci ba nasa ba ne. Sulhun da sharaɗinsa shi ne a ba mahara hanya su wuce zuwa garin gaba, ko a nuna musu gidan mai kuɗi, ko a yi shiru sa'ad da aka ga suna tafiya da matan wani ƙauye, wannan ba sunkuyawa ba ce, sayar da ɗan'uwa ne. 'Yar wani talaka ba tasa ba ce da zai ba da ita domin gari ya zauna lafiya. Haƙƙin wanda aka kashe wa uba ba nasa ba ne da zai yafe a madadinsa ba tare da an ko tambaye shi ba. Gaskiya ma ba tasa ba ce: idan ya biya bisa tilas, ya ce tilas ce, kada ya koya wa yara cewa mai bindiga mutumin kirki ne, kada kuma ya gaya wa hukuma cewa kome lafiya.

Wani zai ce mana, wannan magana ce ta mai ƙoshi. Wanda wuƙa take wuyansa ba ya zaɓen abin da zai bayar. Gaskiya ne akwai ranar da tsoro yakan fi ƙarfin mutum, Allah kuwa ya san nauyin da ke kan kowa. Amma ko a lissafin duniya hanyar cin amana ba ta biya. Garin da ya tura wuta gidan maƙwabci ya rage masu taya shi kashe tasa, kura kuwa idan ta gama da na gaba takan tuna da hanyar da ta biyo. A cikin wasa maƙwabtanka sukan manta bayan 'yan shekaru. A Batsari za ku haɗu a kasuwa ɗaya, 'ya'yanku su nemi auren juna, kowa kuwa yana tune da abin da kowa ya yi.

Kada kuma mu bar masu ƙarfi su fake a bayan wannan muhawara. Duk ranar da mai gari ya zauna yana cinikin rayukan mutanensa da ɗan bindiga, alama ce wani wanda ya karɓi haraji da ƙuri'a bai yi aikinsa ba. Laifin da ya fi girma yana wuyan mahari, na biye yana wuyan wanda aka ba amanar tsaro.

Idan 'yan dara suka gama, sai a kwashe 'ya'ya, a sāke jerawa, wanda aka ci ɗazu ya rama. Mai kwamfuta ma idan garinsa ya ƙone yakan koma baya ya sāke gwadawa. Ba mu hana samarinmu wasan ba, gama yana koya haƙuri da tanadi da hangen nesa, waɗansu ma ta wurinsa suka fara son karatun tarihi. Amma ya kamata iyaye da malamai su zauna kusa da su wata rana, su nuna musu ƙaramar lambar nan da ke gefen allo, su tambaye su: waɗannan su wane ne? Gama a cikin waɗannan samari ne za a sami masu unguwa da dagatai da hakiman gobe, wataƙila kuwa waninsu zai sami kansa da gari ɗaya, ba mayaƙa, manya a kewaye da shi, mutanen da ya san sunayensu suna jiran abin da zai ce.