Ƙarfin Da Aka Tara A Kan Tsauni

A arewacin Italiya, bisa wani tudu da ke kallon tafkin Komo, akwai ƙaramar majami'a mai suna Madonna del Ghisallo. A shekarar 1949 Paparoma Pius na 12 ya ba da Uwarmu Maryamu ta wannan wuri a matsayin majiɓinciyar masu hawan keke. A bangonta an rataye kekunan gwanayen tsere, har da na wani ɗan Katolika mai suna Gino Bartali. Labarinsa nake so mu yi bimbini a kai.

A zamaninsa yawancin hanyoyin tsaunukan Alps ba su da kwalta. Tsakuwa ce da ramuka, in an yi ruwa kuma taɓo ya cika kaca, ƙanƙara tana zuba ko da tsakiyar bazara. Mashigin Izoard a Faransa ya kai mita 2,360, inda iska take ƙaranci har numfashi ya yi wuya. A irin wannan hawa ba a yaudara. Abin da mutum ya tara a ƙafarsa cikin kwanakin da babu mai tafa masa, shi kaɗai zai haye da shi. Bartali ya ci babban tseren Faransa a 1938. A 1948, yana da shekara kusan 34, an ba shi tazarar fiye da minti 20, amma ya ci zango uku a jere cikin waɗannan tsaunuka, ya sake ɗaukar kambi.

To, me ya yi da wannan ƙarfi a tsakanin nasarorin biyu? Yaƙin duniya ya tsayar da tsere. A 1943 sojojin Jamus suka mamaye Italiya, ana farautar Yahudawa gida gida. Kadinal Elia Dalla Costa na birnin Fulorans ya nemi taimakonsa. Sai Bartali ya riƙa ɓoye takardun shaida na jabu cikin bututun ƙarfen kekensa, yana kai su tsakanin Fulorans da Asisi, garin Waliyyi Faransis, tafiyar fiye da kilomita 150. Masu tsaron hanya sun san fuskarsa, sun ɗauka motsa jiki yake yi. Da an kwance keken nan, da ransa ya tafi, ga shi da mata da ƙaramin ɗa.

Ku lura, Allah bai ba shi wata sabuwar baiwa ranar da bukata ta taso ba. Ƙafar nan da ta saba da hawa, da sunan nan da ya yi, su aka nema. Mu kan ce ba mu da abin bayarwa, alhali akwai sana'a a hannunmu, akwai ƙofar da fuskarmu take buɗewa wadda maƙwabcinmu ba ya iya shiga. Ubangiji Yesu ya kuma koya mana mu yi alheri a ɓoye, ba da busa ƙaho ba, kuma nan ne yawancinmu muke faɗuwa, mu da muke so a kira sunanmu bayan Misa saboda buhun siminti ɗaya.

Bartali bai yi shelar aikinsa ba har ya rasu a shekarar 2000. Sai a 2013 cibiyar Yad Vashem ta Urushalima ta rubuta sunansa cikin waɗanda suka ceci Yahudawa.