Jingina Da Danniya

Da zarar damina ta kankama, uwargidan da ke zaune a gidan haya a saman bene, ko a Legas ko a Ibadan ko a Fatakwal, takan nemo tsohon bokitin fenti, ta huda gindinsa, ta cika shi da ƙasa da taki, ta binne irin soso ko garafuni da aka kawo mata daga gida. Kafin mako uku tsiron ya miƙe, ya fitar da wani siririn zare yana laluben iska. In an ɗaura masa igiya daga bokitin zuwa ƙarfen baranda, sai ya kama ya hau, ya yi inuwa, ya ba da 'ya'ya. In ba a ɗaura ba, sai ya kwanta a siminti, yara su tattake shi.

Wannan tsiro yana tayar da wata tambaya da ke damun gidaje da yawa. Tun yaro yana ƙarami ake gargaɗinsa ya nemi na kansa, kuma da wuya a sami zagin da ya fi "cima-zaune" zafi ga saurayi. To, ga halitta wadda ba a yi ta domin ta tsaya ita kaɗai ba. Shin jingina da wani aibi ne? In ba aibi ba ne, yaushe yake komawa zalunci?

A shekarar 1865 masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya wallafa bincikensa a kan tsire-tsire masu yaɗo, wanda ya yi yawancinsa yana jinya a gida. Ya lura cewa kan tsiron ba a tsaye yake ba, kewayawa yake yi a hankali yana neman abin kamawa. Wani da ya sa wa ido yakan gama zagaye ɗaya cikin kamar awa 2. Zaren da bai sami abin riƙewa ba yakan bushe, amma wanda ya kama sai ya yi kauri, ya murɗe, rabi ta wannan hannu rabi ta wancan, har ya zama in iska ta fizgi tsiron, zaren ya miƙe ya koma, ba ya tsinkewa.

Akwai hikima a wannan tsari. Itace yakan ɓatar da shekaru yana gina kututture kafin ya kai ga hasken rana. Mai yaɗo kuwa aron tsayi yake yi, ƙarfin da zai kashe wajen gina jiki sai ya zuba shi a ganye da 'ya'ya. Shi ya sa duma, wanda jijiyarsa ba ta fi yatsa kauri ba, yake haifar ƙwaryar da za ta ɗauki furar gida guda. Manomin doya da ke kafa wa shukarsa gora ko karan dawa bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin kasawar doya ba. Ita ma kurangar inabi, wadda Almasihu ya kwatanta kansa da ita a Yohanna sura 15, mai yaɗo ce, sai an yi mata rumfa.

Saboda haka ba kowane mai jingina ne ci-da-gumin-wani ba. Soso yana da saiwarsa a cikin nasa bokiti, tsayi kawai yake roƙo. Kauci kuwa, wanda ake gani a rassan kaɗanya da ɗorawa, huda reshen yake yi yana shan ruwan jikin itacen. Ƙuduji ma haka yake yi wa saiwar dawa da gero a ɓoye, kafin manomi ya ga furensa ɓarna ta riga ta auku. Ɗan ƙane da ya zo birni ya sauka a gidan baffansa yana koyon walda ko ɗinki, yana fita da asuba, yana dawowa da ɗan abin da ya samu, saiwarsa tana nan ko da ya shekara 4 a falo. Abin dubawa shi ne saiwa da 'ya'ya, tsawon zama ba ya nuna kome.

Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba, gama mai saiwa ma yana iya yin kisa. A shekarar 1876 aka kai wani tsiro mai suna kudzu daga Japan zuwa wani baje-koli a birnin Filadelfiya na Amurka. Mutane suka so shi domin inuwar baranda. Daga baya, a shekarun 1930 da 1940, gwamnati har biyan manoma ta riƙa yi su shuka shi domin hana zaizayar ƙasa. Tsiron yana iya ƙara kusan ƙafa guda a yini. Ya lulluɓe itatuwa da turakun lantarki da tsofaffin gidaje a kudancin ƙasar, har a 1970 hukumar aikin gona ta ƙasar ta sa shi cikin jerin ciyayi masu ɓarna. Kudzu ba ya shan ruwan jikin itace. Nauyinsa da inuwarsa ne suke kashewa, kuma babu mugun nufi a ciki, yin abin da aka halicce shi ya yi kawai yake.

Wannan shi ne abin da ya fi faruwa a gidaje. Magidanci mai albashi ɗaya, hannaye goma sha biyu suna riƙe da shi: kuɗin makarantar ƙanne, maganin gyatuma, gudummawar biki, buhun taki kowace damina. Babu mugu a cikinsu, kowa buƙatarsa ta gaskiya ce. Amma nasa 'ya'yan an koro su saboda kuɗin makaranta, matarsa kuma ta daina magana. Kunya ta hana shi cewa ya isa. Mai lambu ya san cewa laifin yaɗon da ya toshe indararo, ko ya rufe tagar maƙwabcin da ke ƙasa, yana wuyan wanda ya ajiye almakashi. Magidancin da ya kira 'yan'uwansa ya faɗa musu iyakar abin da zai iya kowane wata bai yanke zumunci ba, wanda ya yi shiru har ya karye shi ne zai bar su duka a ƙasa. Manzo Bulus, a Galatiyawa sura 6, ya umarci masu bi su taya juna ɗaukar nauyi, bayan ayoyi kaɗan kuma ya ce kowa yana da nasa kayan ɗauka. Iyalai da dama ɗaya suke riƙewa su manta da ɗayan.

Shi ma abin jingina yana da nasa jarabar, ko da yake ba a cika faɗa ba. Akwai mai taimakon da ke jin daɗin a riƙa zuwa ƙofarsa, yana ba da na cefane amma ba ya ba da jari. Masu kula da furanni da tsumma suke ɗaure reshe, sako-sako, domin waya takan nutse cikin jikinsa in ya yi kauri. Furen nan mai ƙaya da ke ƙawata katangun makarantu da asibitoci, bugenbiliya, wanda asalinsa daga Kudancin Amurka ne, in aka cika masa ruwa da taki sai ya yi ta ganye babu fure. Da rani, sa'ad da ruwa ya ragu, yake yin ado. In an daɗe ana datse shi kuma, gindinsa yakan yi ƙarfi har ya tsaya ba tare da sanda ba.

Soso dai ba zai taɓa tsayawa haka ba, kome datsa. Tsohuwar da idanunta suka tafi, da yaron da aka haifa da naƙasa, da gwauruwar da ƙarfinta ya ƙare, tambayar ranar da za su tsaya da kansu rashin tausayi ne. Abin da ya rage ga iyali shi ne su raba igiyoyin, kada duka su taru a kan ƙarfe ɗaya.

In hunturu ya shigo, yaɗon yakan bushe. Uwargida ta tsinke 'ya'yan, ta ɓare su, ta sami soson wanka da na wanke-wanke, ta aika wa maƙwabciyar da ke ƙasa guda biyu saboda ganyen da ya riƙa zuba mata a ƙofa. Sa'an nan ta kwance igiyoyin, ta duba inda tsatsa ta ci ƙarfen baranda, ta sa a shafa masa fenti kafin wata damina.