Haƙƙin Mai Gida a Kan Baƙo

Sau biyu na ziyarci gandun Tongariro da ke tsibirin arewa na ƙasar Niyu Zilan, a lokacin da nake wani gajeren horo bayan kammala digirina na farko. Zuwan farko a watan Agusta ne, tsakiyar hunturunsu, inda na koyi zamiya a kan dusar ƙanƙara a filin Whakapapa da ke jikin dutsen Ruapehu. Na biyu a watan Disamba ne, domin tattakin kilomita 19 da ke ratsa tsakanin duwatsun Tongariro da Ngauruhoe. Dukkan ukun duwatsu ne masu aman wuta, kuma har yau ba su mutu ba.

A zuwan farko na ga yadda mutane ke yi wa dutse biyayya. An gargaɗe mu cewa da zarar ƙararrawa ta yi kuka, kowa ya fice daga kwari ya hau tudu, domin tafkin da ke bakin Ruapehu yakan ɓalle ya turo taɓo da duwatsu. Babu wanda ya yi musu. An san abin da ya faru a Tangiwai a daren 24 ga Disamba, 1953, lokacin da irin wannan malala ta karya gadar jirgin ƙasa, mutum 151 suka rasu.

A zuwa na biyu kuwa, roƙo muka tarar maimakon gargaɗi. Ƙabilun Maori na yankin suna ɗaukar ƙololuwar duwatsun nan da tsarki, suna ganinsu a matsayin kakanninsu, don haka ana roƙon baƙi kada su hau can sama, kada kuma su taɓa ruwan tafkunan. Babu tara, babu mai gadi. Da muka isa gindin Ngauruhoe, abokin tafiyata ya ce shi sai ya hau. Na tuna masa roƙon, ya ce, "Haba abokina, kai ka yarda dutse kakan wani ne?" Na ce ban yarda ba. Ya ce, "To, me ya hana ka?" Ya haye, ni kuwa na bi hanya ni kaɗai, ina jin warin farar wuta, ina neman amsar da ban ba shi ba.

Tambayarsa tana da nauyi. Wanda bai yi imani da abu ba, idan ya rusuna masa, ana iya kiransa munafuki. Haka kuma ana iya cewa iyakar ba ta da tushe, tunda ga na'urorin ɗaukar masu zamiya an kafa a jikin Ruapehu, ni ma na hau su. Karin maganar nan da ke cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemi taka, ba ta ishe ni hujja ba, domin kwaikwayo kawai take koyarwa.

Tarihin wurin ne ya warware mini. A 1887 shugaban ƙabilar Ngati Tuwharetoa, Horonuku Te Heuheu, ya danƙa ƙololuwar duwatsun ga Sarauniyar Ingila, don kada a yanka su a sayar. Daga nan gandun ya samo asali, aka kafa shi da doka a 1894. An daɗe ana kiran abin kyauta, amma a 2013 kotun Waitangi, mai binciken koke-koken Maori, ta bayyana cewa tayin haɗin gwiwa ne wajen kare duwatsun. Ashe amana ce na taka. Ƙofar da na shigo ta cikinta, kakannin masu roƙon ne suka buɗe ta, kuma don kare ƙololuwar nan suka buɗe.

Saboda haka ba dutsen na girmama ba. Mutanen na girmama. Baƙon da aka ce masa kada ya leƙa wani ɗaki ba ya buƙatar ya gamsu da dalili kafin ya kame ƙafarsa. Imaninsa na nan yadda yake, abin da aka nema daga gare shi kunya ce. Kasancewar masu gida sun yi haƙuri da na'urori a jikin dutse kuwa, ba ta ba ni izinin ƙwace ɗan abin da suka keɓe ba.

Abin da ya fi damuna shi ne bambancin ziyarce-ziyarcen biyu. Mun bi umarnin dutse domin yana iya hallaka mu, amma roƙon mutane ya zama abin muhawara domin ba su riƙe da bulala. Idan tsoro kaɗai ke sa mu tsaya, to ba mu da ɗa'a, lissafi kawai muke yi.

Abokina ya sauko lafiya, ya riske ni da yamma da hotuna masu kyau. Ban zarge shi ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba, sai dai zumuncinmu bai koma yadda yake ba. Nakan ji kwaɗayin abin da ya gani daga can sama, amma da za a mayar da ni gindin Ngauruhoe, hanyar ƙasa zan sake bi.