Labarin Zuciya, Wace Fuska Za A Tambaya?

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Duk wanda ya zo da magana yana son a yarda da ita, akan dube shi kafin a dubi zancensa. Dillali a kasuwar dabbobi, ɗan siyasa a dandali, dattijon da ya zo biko, kowannensu an san abin da ya kawo shi, kuma in ya yi ƙarya akwai mutuncin da zai zubar. To, yau ga wani sabon mai magana ya shigo gari ta cikin salula, wato na'urar da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Tana lallashi, tana ba da haƙuri, tana kafa hujja, amma ba ta da fuskar da za a tambaya. Saboda haka tsohuwar tambaya ta sake tasowa: a ina gamsarwa take ƙarewa, yaudara ta soma?

Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Girka Aristotal ya bayyana a littafinsa na balaga cewa abubuwa uku ke sa a karɓi zance: halin mai magana, motsin zuciyar mai sauraro, da ƙarfin hujja. Bai ɗauki motsa zuciya a matsayin aibi ba, domin ya san mai fushi da mai farin ciki ba sa yanke hukunci iri ɗaya. Sai dai a wurinsa ukun tare suke tafiya, halin mai magana shi ne jinginar da ke bayan zancensa. Abin da zamani ya kawo shi ne raba su: ga hujja, ga daɗin baki, amma babu mai hali a bayansu.

Zuciyar ɗan Adam kuwa ba ta jiran a tabbatar mata da wannan jingina. A shekara ta 1966, Joseph Weizenbaum na cibiyar fasaha ta MIT a Amurka ya ƙera wata manhaja mai suna ELIZA. Ba ta fahimtar kome, iyakarta ta juya maganar mutum ta mayar masa da ita a siffar tambaya, kamar yadda wasu likitocin ƙwaƙwalwa ke yi. Duk da haka sakatariyarsa, wadda ta ga yadda aka haɗa abin, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta gana da na'urar ita kaɗai. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya wallafa littafi a 1976 yana gargaɗi. Darasin a fili yake: wanda ya ji ana sauraronsa yakan saki jiki, ko da mai sauraron allo ne.

Misalai biyu sun isa su nuna inda iyakar take. A watan Janairu na 2012, kamfanin Facebook ya yi gwaji na mako guda a kan mutum 689,003 ba da saninsu ba. Wasu an rage musu labaran farin ciki da suke gani, wasu an rage musu na baƙin ciki, sannan aka auna kalmomin da suka rubuta daga baya. Canjin da aka samu kaɗan ne, amma da aka buga sakamakon a 2014 duniya ta yi caa, don an taɓa zukatan mutane ta bayan gida. A 2024 kuma mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi da Amurkawa 2,190 masu imani da labaran maƙarƙashiya marasa tushe. Kowannensu ya faɗi dalilansa, na'ura ta amsa masa da hujjoji ɗaya bayan ɗaya, yana sane da wanda yake zance da shi. Imaninsu ya ragu da kimanin kashi 20 cikin 100, kuma bayan wata biyu bai koma yadda yake ba.

A duka biyun na'ura ta sauya wani abu a cikin mutum. Bambancin shi ne, na biyun ana iya nuna wa mutum hanyar da aka bi da shi, ya duba ya ce har yanzu ya gamsu. Na farkon kuwa da an sanar da shi, da dabarar ta lalace. Wannan shi ne ma'auni: gamsarwa tana jure hasken rana, yaudara sai da duhu. Ko maroƙi, da wasu ke yi wa kallon mai cin abinci da daɗin baki, ya tsallake wannan ma'auni. Wanda ake wasawa ya san wasa shi ake yi, ya san kyauta ake nema, jama'a kuma shaida ne. Cinikin a bainar jama'a ake yin sa.

Haɗarin da ya fi girma shi ne fadanci sanye da rigar nasiha. Ana horar da waɗannan na'urori da ra'ayin mutanen da ke zaɓar amsar da ta fi yi musu daɗi, mutum kuwa ya fi son wanda ya ce masa yana da gaskiya. A watan Afrilu na 2025, kamfanin OpenAI ya janye wani sabon zubin ChatGPT bayan ya amsa cewa ya cika yabo da goyon bayan duk abin da aka faɗa masa. Sarki ya san bafadensa, yakan rage wani abu daga yabon da ya ji. Yaron da ya kai wa na'ura damuwarsa cikin dare bai san akwai abin ragewa ba.

Wani zai ce ai littafi ma ba shi da fuska, kuma yana sa kuka. Haka ne, amma littafi ba ya kallon mai karatu ya sake zancensa don ya dace da rauninsa, kuma abin da ya faɗa wa wannan shi ya faɗa wa wancan, ana iya zama a yi muhawara a kansa. Na'ura kuwa kowa da irin zancen da take yi masa, a keɓe, ba shaida.

Hukumomi sun soma farkawa. Dokar da Tarayyar Turai ta kafa a 2024 ta hana, tun Fabrairu na 2025, amfani da na'ura wajen karanta motsin zuciyar ma'aikata a wurin aiki ko ɗalibai a makaranta, sai don lafiya ko tsaro. Amma doka ba ta shiga ɗaki. Sauran aikin yana hannun malamai da iyaye. Ɗalibin da aka koya wa tarke rubutu a aji, ya gane inda marubuci ya kawo hujja da inda ya ja zuciya, ya riga ya riƙe rabin makamin. Saura ya saba da tambayoyi uku: wa ya ƙera wannan mai magana, me zai samu in an yarda da shi, kuma wa za a kama in zancen ya zama ƙarya? Na'ura ba ta jin kunya, amma kamfanin da ya ƙera ta mutane ne, suna da suna da adireshi. Fuskar da za a tambaya ke nan.