Kana Zaune a Kurna, Ka Rubuta Kana Landan: Ya Matsayin Dalar?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Tambayar nan ta yawaita a cikin saƙonninku, shi ya sa na ga gara a amsa ta a fili kowa ya amfana. Matashi ne ya koyi zanen tambari, ko haɗa bidiyo, ko fassara, ko gina shafin intanet. Ya buɗe asusu a Upwork ko Fiverr, yana zaune a ɗakinsa yana neman aiki daga mutanen da bai taɓa gani ba. Wata ɗaya, wata biyu, shiru. Sai wani da ya riga shi shiga harkar ya ce masa: kai ma da abinka, wa zai ba ka aiki da tutar Najeriya a jikin sunanka? Saka VPN, ka ce kana Ingila. Ko ka sayi tsohon asusu mai taurari. To Malam, ya halatta? Ai aikin ni zan yi, kuma zan yi shi da kyau.

Kafin mu je nan, sana'ar ita kanta alheri ce. Babu kuɗin shago, babu kaya a sito, babu bashin banki mai riba. Jarinta waya ko kwamfuta, da data, da wutar caji, da abin da ka iya. 'Yar'uwa tana cikin gidan aurenta za ta iya yi, ɗalibi zai iya yi, wanda ƙafa ta hana shi zirga-zirga zai iya yi. A fiƙihu sunanta ijara, wato sayar da amfanin aikinka a kan lada sananne. Annabi (SAW) ya yi kiwon tumakin mutanen Makka a kan 'yan ƙiraɗai, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Annabi Musa (AS) ya yi ƙwadago a Madyana na shekara 8 ko 10, labarin yana cikin Suratul Ƙasas. Yi wa wanda ba Musulmi ba aiki ma babu laifi matuƙar aikin halas ne: Khabbab bin Aratt maƙeri ne a Makka, ya yi wa Asi bin Wa'il aiki alhali Asi mushriki ne. Don haka duk wanda ya ce maka dalar Bature haramun ce don kawai ta Bature ce, bai faɗi daidai ba.

Kuma kukan da matasa ke yi gaskiya ne, kada a raina shi. Akwai masu ba da aiki da suna ganin Najeriya za su wuce, ba su ko buɗe saƙonka ba. PayPal ya shigo ƙasar nan a 2014 ya ce mu tura kuɗi amma ba za mu karɓa ba, aka shafe shekaru a haka. Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100 na duk abin da ka samu, kai kuma ga kuɗin data, ga man janareto. Wanda bai taɓa cutar kowa ba yana biyan bashin 'yan damfarar da ba su ma san da shi ba. Wannan zalunci ne. Tambayar ita ce: wanda aka zalunta da mummunan zato, shin an ba shi lasisin ya yi ƙarya don ya kauce wa zaton?

Mu duba me mai ba da aikin yake saya. A kasuwar Kwari idan za ka ba tela ɗinki, kana ganin fuskarsa, ka san rumfarsa, in ya ɓata maka yadi ka san inda za ka same shi. Shi wannan da ke Amurka ko Jamus ba shi da komai daga gare ka sai abin da ka rubuta: sunanka, garinka, ayyukan da ka ce ka yi, da shaidar waɗanda suka gabace shi. Wannan shi ne kayan da ka shimfiɗa a gabansa. Kun san hadisin mai sayar da abinci a cikin Sahihu Muslim. Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abincin ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Lura fa, uzurinsa gaskiya ne, ba shi ya jiƙa abincin ba. Duk da haka aka ce masa me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, aka kuma raba mai algus da al'ummar nan. Kai ma ba kai ka ɓata sunan ƙasarka ba, ruwan sama ne ya dake ka. Amma hukuncin bai canza ba: mai saye yana da haƙƙin ya ga abin da zai sa ya saya ko ya fasa.

Wani zai ce ai garin da nake ba aibi ba ne a cikin aikin. Haka ne, a wurina da wurinka ba aibi ba ne. To amma sau da yawa mai aikin yana da dalilin da ba ƙiyayya ba. Wataƙila dokar ƙasarsa ta hana a fitar da bayanan abokan cinikinsa waje. Wataƙila yana son wanda agogonsu ɗaya. Wataƙila yana son wanda kotunsu za ta iya kamawa in an samu matsala. Ba ka san wanne ne ba. Ko da ma son zuciya ne kawai, kuɗinsa ne, kuma Suratun Nisa'i ta gindaya cewa dukiyar mutane ba ta halatta sai ta hanyar ciniki da yardar juna. Yardar da aka samo da ƙarya, an yarda ne da wancan mutumin na Landan da babu shi, ba da kai ba.

Akwai masu wayo da ke cewa ni ban furta ba, manhajar ce ta nuna Ingila, wannan tauriyya ce. A'a. Malamai sun yi sauƙi a kan tauriyya ga wanda yake kare kansa daga azzalumi, ba ga wanda yake ƙulla ciniki zai karɓi kuɗin wani ba. Balle ma ranar da ka buɗe asusun ka danna cewa ka amince da sharuɗɗansu, ciki har da ba da bayanin gaskiya. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika ƙulle-ƙullen alkawari. Rashin karanta dogon rubutun kafin ka danna bai sauke maka shi ba.

Sayen tsohon asusu ya fi wannan muni. Taurarin nan da ke jikinsa shaida ce da mutane suka bayar a kan wani mutum daban, cewa ya iya aiki kuma yana cika alkawari. Kai ka sa rigarsa ka fito. Haka wanda zai tara abokai su yi kamar sun sayi aikinsa su rubuta yabo. Wannan ɗan'uwan najashi ne da Annabi (SAW) ya hana, inda mutum zai taya kaya a kasuwa ba don zai saya ba, sai don na kusa da shi ya ruɗu. Dillalan kara sun san abin nan sarai. Abokin da ya rubuta yabon ƙarya, shi ma ya shiga shaidar zur a kan kuɗin da ko kwabo ba zai ci ba.

Sai shubuhar da ta fi ba ni tsoro, don ina jin ta a bakin yara masu sallah a sahun farko: ai su ba Musulmi ba ne, kuma kakanninsu sun kwashe arzikinmu. Ɗan'uwa, wannan magana ba sabuwa ba ce. A Suratu Ali Imrana, aya ta 75, Allah Ya ba da labarin wasu da ke cin amanar duk wanda ba nasu ba, suna cewa babu laifi a kansu game da waɗannan, sai Ya bayyana cewa ƙarya suke yi Masa suna sane. Mughira bin Shu'uba kafin ya musulunta ya yi tafiya da wasu mutane, ya yaudare su ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, sannan ya zo Madina. Annabi (SAW) ya karɓi Musuluncinsa, ya ce babu ruwansa da dukiyar. Huzaifa bin Yaman da mahaifinsa Ƙuraishawa suka tsare su a hanya, ba su sake su ba sai da suka yi alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Ana shirin Badar ne fa, Musulmi ɗari uku da 'yan kai a gaban kusan dubu, kowane takobi ana buƙatarsa. Annabi (SAW) ya ce su koma, za a cika wa mushrikai alkawarinsu. In an cika alkawarin Ƙuraishawa a ranar Badar, da wace hujja za ka ci amanar wata mata mai ƙaramin shagon sabulu a Kanada da ta ba ka zanen dala 30?

Yanzu batun ba wa wani aikin, wanda shi akwai sauƙi a cikinsa fiye da yadda ake zato. Malaman fiƙihu sun kasa ɗan ƙwadago gida biyu. Akwai wanda aka ɗauki lokacinsa, kamar mai gadi ko yaron shago. Akwai wanda aka ƙulla da shi a kan aiki, yana karɓa daga mutane da yawa, kamar tela da marini da kafinta. Na biyun zai iya ba yaransa su yi, kowa ya san babban tela ba shi ke zama a kan kowane keke ba, kuma abin da al'ada ta san da shi kamar an faɗe shi ne a cikin ciniki. Amma da sharaɗi biyu: kada a ce an gindaya kai da hannunka za ka yi, kuma lamunin yana wuyanka. Imam Malik yana ganin masu sana'a su biya abin da ya lalace a hannunsu, don kare dukiyar mutane. Kuma ka biya wanda ka ba aikin abin da kuka yi da shi, a kan lokaci. Hadisin Bukhari ya lissafa wanda ya ci gumin ɗan ƙwadago cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar Ƙiyama. Kada ka karɓi dala 100 ka yi ta ja wa yaro rai a kan naira dubu biyar.

ChatGPT da 'yan'uwansa ma a kan wannan ma'auni suke. Kayan aiki ne, kamar keken ɗinki. In mai aikin bai hana ba, kuma ka duba ka gyara ka tsaya a kan abin da ka miƙa, babu laifi. In ya ce aikin mutum yake so, ka kwaso na inji ka miƙa, ka yi algus. Masu fassara zuwa Hausa, da ku nake. Mutumin nan ba ya jin Hausa, ba zai taɓa gane ka liƙa masa aikin Google Translate ba. Amma wataƙila takardar bayanin magani ce, wata uwa a ƙauye za a karanta wa yadda za ta ba ɗanta.

Wanda ake biya da awa kuwa, ya zama irin na farko, lokacinsa aka saya. Manhajar Upwork tana ɗaukar hoton fuskar kwamfutarka sau ɗaya a cikin kowane minti 10, matasa kuma sun ƙware wajen motsa linzami don agogo ya ci gaba da tafiya. Awar da ka rubuta ba ka yi ba, kuɗinta ba naka ba ne. In za ka tashi sallah, tsayar da agogon, sai dai in kun yi da shi cewa hutu yana ciki.

Na san gaskiya tana da tsada a nan. Wanda ya rubuta Kano zai fi daɗewa kafin aikin farko ya zo, wasu ƙofofin ma ba za su buɗe ba. Amma akwai ƙofofin da sai kai: fassara, rubuta maganar da aka naɗa, naɗar murya, koyar da Hausa ko Larabci ko karatun Alƙur'ani ta bidiyo. A waɗannan zama a Kano ko Zinder shi ne abin da ake nema. Ga kuma 'yan kasuwarmu na gida da ke son mai kula musu da shafin Facebook da WhatsApp, su ba ruwansu da tuta. Ka kuma tuna duk asusun ƙarya da aka kama, an ƙara wa ƙanenka da zai zo gobe da gaskiyarsa nauyin zato.

Saura wanda ya riga ya yi. Abin da na fahimta shi ne a rarrabe. In aikin ka yi shi cikakke, kuma gari ko suna ba sharaɗi ba ne a wurin mai aikin, ladan na guminka ne, laifin ƙaryar ne a kanka: ka tuba, ka gyara bayanin ko ka rufe asusun ka buɗe na gaskiya. In ya fito fili ya ce sai mazaunin ƙasa kaza, ko sai aikin hannu, ka saɓa, to haƙƙinsa ne ya sani, sai ya zaɓa ko ya yafe ko ya karɓi kuɗinsa. Awannin da aka ƙara da aikin da ba a yi ba, a lissafa a mayar, manhajojin suna da hanyar mayar da kuɗi. In ka neme shi iya ƙoƙarinka ba ka same shi ba, ka fitar da adadin ka bayar ga mabuƙata da niyyar sauke haƙƙinsa, ba da niyyar sadakarka ba, in kuma wata rana ya bayyana ka gaya masa abin da ka yi.

Wallahu a'alam.