DARASI NA 7: HAƘURIN ALLAH GA MASU-ZUNUBI

Karatunmu na wannan mako yana cikin Yunana sura 3 da 4, da kuma Luka 13:1-9. Shugaban aji ya sa mutum biyu su karanta da ƙarfi kafin a soma bayani.

1. Wane irin haƙuri ne?

Kadan an yi wa mutum sata, ko fari ya ƙone masa dawa, maƙwabta su kan zo su ce, "Sai haƙuri." Abin da su ke nufi shi ne, ba shi da ikon sake abin da ya faru, sai ya ɗauka. Wannan haƙurin marar-iko ke nan. Na Allah ba haka ya ke ba.

Mu da mu ke aikin juya Maganar Allah cikin Hausa mun daɗe muna nazarin wannan kalma. A Ibrananci ana ce da Allah mai-dogon hanci, gama Ibraniyawa su kan kwatanta fushi da zafin da ke tasowa a hanci. Mai-dogon hanci kuwa ya kan daɗe kafin zafin ya kai gaɓa. A Helenanci kalmar makrotumiya ce, watau "dogo" a haɗe da "zafin rai". Domin wannan mu kan ce Allah mai-jinkirin fushi ne. Ku tuna da sarki a zaune, mai-laifi yana durƙushe a gabansa, dogarai suna jiran kalma guda, amma sarki bai faɗe ta ba tukuna. Iko yana hannunsa, laifin ya tabbata, shi ne ya ga dama ya dakata.

Allah da kansa ya bayyana wa Musa wannan halinsa cikin Fitowa sura 34, bayan da Isra'ilawa su ka yi sujada ga ɗan maraƙi na zinariya.

2. Nineba

Nineba babban birni ne na Assuriyawa a bakin kogin Dijla; kangonsa yana daura da birnin Mosul a ƙasar Iraƙi. Sarakunan Assuriya sun yi suna da mugunta, har su kan sa a zana a jikin duwatsu yadda su ka feɗe kamammun yaƙi. Yunana ɗan Amittai kuwa annabi ne a Isra'ila a zamanin sarki Yerobowam na biyu. Sa'anda Allah ya aike shi Nineba, sai ya gudu ya shiga jirgi zuwa Tarshish. Ba mu bukatar maimaita labarin guguwa da kifi.

A karo na biyu ya tafi, ya shaida musu cewa kwana 40 su ka rage wa birnin. Mu lura da kwanakin nan. Da hallaka kaɗai Allah ya ke nufi, mene ne amfanin aika manzo, mene ne amfanin ba da wa'adi? Gargaɗin kansa jinƙai ne. Mutanen su ka gaskata, su ka yi azumi, sarki ya sauka daga gadonsa ya zauna cikin toka. Allah kuwa ya janye masifar.

3. Fushin Yunana

Nan ne darasin ya fi taɓa mu. Yunana ya yi fushi ƙwarai, ya ce dalilin gudunsa ke nan tun farko, gama ya san halin Allah. Abin da ya kamata ya zama yabo a bakinsa ya zama ƙara.

Kada mu yi hanzarin yi masa dariya. Assuriyawa magabtan ƙasarsa ne, su ne kuwa daga baya su ka ci Samariya a shekara ta 722 kafin haihuwar Kristi, su ka kwashe Isra'ilawa zuwa bauta. Tsoronsa ba na banza ba ne. Kuskurensa shi ne, ya manta da nasa labari. Wa ya ƙi umurni? Wa aka tsamo daga teku? Haƙurin da ya cece shi ya yi masa daɗi, amma bai so maƙiyinsa ya ɗanɗana ba. Allah ya tsiro masa da wani tsiro domin inuwa, kashegari tsutsa ta kashe shi, Yunana ya ji tausayin tsiron. Sai Allah ya tambaye shi ko bai kamata shi ma ya ji tausayin birni mai mutum fiye da 120,000 ba, har da dabbobinsu. Littafin ya ƙare a kan tambayan nan, ba a rubuta amsar Yunana ba. Mu aka bar wa.

A cikin ikilisiyoyinmu, mutum ya kan fāɗi cikin shaye-shaye ko zina, a sa shi ƙarƙashin horo, bayan shekaru ya komo da hawaye. Ya kan iske waɗansu suna murna, waɗansu kuwa sun ɗaure fuska kamar Yunana a gabashin birni.

4. Shekara guda kuma

Amma kada kowa ya ce, tun da shi ke Allah mai-haƙuri ne, bari in daɗa kwana cikin zunubina. Aka kawo wa Yesu labarin Galilawa da Bilatus ya kashe. Shi kuma ya tuna musu da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta fāɗa musu. Ya ce ba su fi sauran mutane zunubi ba, kowa yana bukatar tuba. Sa'an nan ya ba da misalin itacen ɓaure da ya shekara 3 ba 'ya'ya. Mai-gona ya ce a sare, mai-aikin gonar ya roƙa a ƙara masa shekara guda, ya yi masa kaftu ya zuba taki.

Abu biyu mu ke gani. Na fari, haƙurin Allah ba zaman banza ba ne. Wa'azin da ka ke ji, da ciwon da ya kwantar da kai, da lamirinka da ke hana ka barci, duka kaftu ne da taki. Na biyu, shekarar tana da iyaka. Jikokin mutanen Nineba su ka koma ga mugunta, annabi Nahum ya yi shelar fāɗuwarta, a shekara ta 612 kafin haihuwar Kristi kuwa Babilawa da Mediyawa su ka rushe ta. Bulus ya gaya wa Romawa, cikin sura 2, cewa nufin alherin Allah shi ne ya kai mutum ga tuba. Wanda ya taurare kuwa fushi ya ke tara wa kansa.

5. Ina adalci?

Wani za ya ce, alƙalin da ke ta ɗaga shari'a, ba azzalumi ba ne? Amsa tana cikin Romawa sura 3. Zunuban da Allah ya jure ba a share su da mantuwa ba; an ɗora su a kan Yesu Kristi a bisa giciye. Haƙurin nan kyauta ne a gare mu, amma a wurin Allah tamaninsa jinin Ɗansa ne. Bulus, wanda ya tsare tufafin masu-jifan Istifanus, ya ce da Timothawus an yi masa jinƙai domin ya zama abin misali ga masu-zuwa daga baya. Kadan an jira Shawulu, kai ma ba ka wuce jira ba. Amma ran tuba yau ne.

Tambayoyi

1. Ina bambancin haƙurin marar-iko da haƙurin Allah?
2. Don me Yunana ya yi fushi? Akwai wanda ba ka so Allah ya gafarta masa?
3. Wane taki Allah ya zuba a gindinka bana?

Ayar haddacewa: 2 Bitrus 3:9.

Addu'a

Ya Ubangiji, ka jira mu sa'anda ba mu neme ka ba. Kada ka bar mu mu raina jinkirinka, kada kuma mu hana wa ɗan'uwanmu abin da ka ba mu. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.